Me za mu kira "greatest hits" da Hausa?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata kalma ce ta tsaya mini a wuya tun shekaranjiya, na ga gara in kawo ta gabanku.

Ni nake rubuta bayanin da mai gabatarwa yake karantawa a wani shirin kiɗe-kiɗen duniya a gidan rediyo nan Kano, rabin awa ranar Asabar da dare. Wannan makon za mu ɗora faifan ƙungiyar Foo Fighters ta Amurka wanda ya fito a 2009. Ƙungiyar Dave Grohl ce, mutumin da yake kaɗa wa ƙungiyar Nirvana ganga kafin jagoranta Kurt Cobain ya mutu a 1994. Waƙa 16 ce a ciki, an ɗebo yawancinsu daga fayafayan da suka fitar tun 1995, an ƙara sababbi biyu. Sunan faifan a jikin kwali kalma biyu ne kawai, "Greatest Hits". Na rubuta "manyan waƙoƙi" na goge. Na rubuta "mafiya kyau" na goge. Mai gabatarwa ya ce a bar shi da Turanci kowa zai gane. Ban yarda ba. Cikin masu sauraronmu akwai mai shayi a Kurna, akwai direban A Daidaita Sahu, akwai uwargida a Ɗorayi da take kunna rediyo tana wanke-wanke. Haƙƙinsu ne a gaya musu abin da ake nufi da harshensu.

Kafin a fara kawo shawara, ga abin da kalmar take ɗauke da shi. A wurin Turawa "hit" waƙa ce da ta ci kasuwa, kuma abu ne da ake aunawa: kwafi nawa aka sayar, sau nawa gidajen rediyo suka sa ta, matakin da ta taka a jerin mako-mako irin na mujallar Billboard. Ba a maganar daɗi ko zurfin ma'ana. Salon tattara irin waɗannan waƙoƙi wuri ɗaya ana danganta farkonsa da faifan mawaƙin Amurka Johnny Mathis na 1958, wanda ya yi mako 490 a jerin Billboard. Shi kansa Grohl, a rubutun da ya yi a takardar cikin faifan nasu, ya ja kunnen mai saye cewa kada a ɗauki sunan a matsayin mafiya kyau ko waɗanda su suka fi so. Wannan bambancin nake so kalmarmu ta riƙe.

Amsa daga wani dattijo, tsohon mai shagon kaset a Ƙofar Wambai:

Ɗana, me ya kai ka nesa? Muna da Bakandamiya. Na shekara da shekaru ina sayar da kaset, duk wanda ya shigo yana neman ƙarshen Shata, Bakandamiya yake tambaya. Ka ce Bakandamiyoyin wane, magana ta ƙare.

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Wallahi ita ce ta fara zo mini. Sai dai da na juya ta na ga ba za ta zauna ba. Bakandamiya ɗaya ce ga mawaƙi. Shata yana da tasa, Narambaɗa yana da tasa, kuma nauyinta yana cikin kasancewarta tilo. Ita ce waƙar da mawaƙi ya zuba fasaharsa gaba ɗaya, ya nuna iyakar abin da Allah ya ba shi, masana da masu saurare suka sallama. Idan muka yi mata jam'i muka liƙa wa waƙa 16 da lissafin ciniki ya tsamo, mun rage mata daraja, kuma mun yi wa mai saurare alkawarin da faifan bai ɗauka ba. Ina so mu ajiye ta don ranar da za mu yi maganar waƙa ɗaya da ta fi sauran.

Amsa daga wani matashi mai tura waƙoƙi a waya a Farm Centre:

Yaya, mu a nan ba ma wahala. Mutum ya miƙo memori ya ce "tura min waɗanda suke tashe". Ko ya ce "waɗanda suka zaga gari". Ai kalmar ke nan, masu tashe.

Ƙanena, ka kawo magana mai ƙarfi, domin daga bakin masu saye ta fito. Tashe ya yi daidai da ma'anar sosai: abu ne da jama'a suka ɗaga, ba ruwansa da hukuncin masana. Na yi kusan ɗauka. Abu biyu suka hana ni. Na farko, ka gwada faɗin "waƙoƙin tashe" a rediyon Kano ka gani. Ba wanda zai tuna da jita da ganga na Amurka. Kowa zai tuna goma ga azumi, yara da gemun auduga suna bin gida-gida, da Nalako yana farautar gwagware. Wannan ma'anar ta riga ta kafa ƙafa, ba a ja da ita. Na biyu, tashe na yanzu ne. Waƙar da take tashe yau wata uku masu zuwa an manta da ita, shi kuwa wannan faifan waiwaye yake yi, yana tattaro na shekara 14. Dole sai an ce "waɗanda suka taɓa yin tashe", kuma wannan jimla ce, ta yi wa suna tsawo. Amma zan yi amfani da ita wurin bayani, domin ba ni da abin da ya fi ta sauƙin ganewa.

Amsa daga wata malamar Hausa a makarantar sakandare:

Malam, ni ina ganin "zaɓaɓɓun waƙoƙi" ta wadatar. Haka muke cewa a adabi idan an tsamo wasu waƙoƙin marubuci daga cikin diwaninsa. Kuma kunnen mai sauraron rediyo ya saba da ita tun daga shirin zaɓi sonka.

Malama, a nan ne na fi daɗewa, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsar.

Zaɓaɓɓu kalma ce mai kyau, kuma muna buƙatarta. Amma da zarar an ce zaɓaɓɓu, sai tambaya ta biyo baya: wa ya zaɓa? A zaɓi sonka amsar a fili take, mai wasiƙa ne. A diwani, malami ne ya zauna ya auna. A harkar fayafayan nan kuwa sau da yawa kamfani ne, kuma yakan yi ba da son mawaƙan ba. Ƙungiyar Radiohead ta Ingila ta rabu da kamfanin EMI, ta fitar da faifanta na 2007 da kanta ta intanet, ta ce kowa ya biya abin da ya ga dama. Shekara ɗaya bayan haka, a 2008, EMI ya tattara tsofaffin waƙoƙinsu da suke hannunsa ya fitar da sunan "The Best Of", su mawaƙan ba su sa hannu a zaɓin ba. Ga kuma ƙungiyar R.E.M., 'yan garin Athens na jihar Jojiya a Amurka, da suka kafu a 1980. Tarin da suka fitar a 2003 ya fara ne daga 1988, domin a shekarar suka koma kamfanin Warner. Waƙoƙinsu na farko, waɗanda tsofaffin masoyansu da yawa suka fi ƙauna, sun fito ne a ƙarƙashin tsohon kamfaninsu I.R.S., sai a wani tarin daban aka same su. Kin ga iyakar zaɓin ma takardar yarjejeniya ce ta shata ta.

To Turawan da kansu suna da sunaye biyu, "best of" da "greatest hits", ko da yake sukan cakuɗa su. Mu da muke neman kalma yanzu muna da damar raba su tun daga tushe. Shawarata ita ce zaɓaɓɓu ta tsaya wa na farko, inda wani ya zauna ya ce waɗannan ne suka fi. Na biyun, wanda kasuwa da kunnen jama'a suka ɗaga, a nemo masa tasa.

Malamar ta sake rubutowa:

Na karɓa. To tsakanin shahararru da fitattu fa?

Nan zuciyata ta karkata tun jiya da dare. Shahara ba ta da laifi, sai dai ta fi zama a kan mutum, kuma tana da nauyin dogon zamani. Fice kuwa ya fi sauƙi a baki, ya kuma fi kusa da abin da yake faruwa. Mawaƙi ya saki waƙa goma sha biyu a faifai ɗaya, biyu suka yi fice, sauran suka zauna a ciki. Ainihin yadda abin yake ke nan, domin kamfani yakan ware waƙa biyu ko uku daga kowane faifai ya aika gidajen rediyo, a yi musu bidiyo, daga cikinsu ake samun wadda ta kama. Sannan ta ba mu tilo kyauta: "hit" ɗaya ita ce fitacciya. Za ka iya cewa wane yana da fitattu biyar, ko wannan ce fitacciyarsu ta farko, ba wanda zai tsaya tambayar me kake nufi.

Wani ɗan'uwa daga Fagge ya yi gyara:

Malam, ai fitacce yabo ne. In ka ce fitattun waƙoƙi ka koma inda ka gudo, ka ce su ne mafiya kyau.

Na ji wannan, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ka saurari labarai, za ka ji an ce fitaccen malami, ka kuma ji an ce fitaccen ɗan bindiga. Kalmar tana cewa an san shi, ya fita daban cikin irinsa. Hukuncin kyau ko muni mai magana ne yake ƙarawa. Wannan ɗan ƙamshin yabon ma ba asara ba ne, domin sunan na Turanci shi ma talla ce, an yi shi don a ja mai saye.

Saura mazubin. Faifai, albam ko kundi? Faifai ya yi doguwar tafiya, daga na rufe ƙwarya zuwa na garmaho, zuwa na CD, har yau muna cewa faifan bidiyo alhali abin yana cikin waya. Zai iya ɗauka. Sai dai kundi ya fi nuna tattarawa, irin na malami da yake haɗa takardu daga wurare daban-daban ya ɗaure a fata ɗaya. Na san 'yan jarida suna kiran kowane albam kundin waƙoƙi, wannan bai ɓata komai ba, kalmar da ta biyo baya za ta bambance. Kundin Fitattun Waƙoƙi. A taƙaice, Fitattu.

Matashin Farm Centre ya dawo:

Yaya, to shi irin kiɗan fa? A waya an rubuta "alternative rock". Na ga wani ya fassara da madadin rok.

Madadi bai yi ba ko kaɗan. Madadi shi ne abin da ake ba ka idan na ainihi ya ƙare. Wannan kiɗa ne da ya taso a shekarun 1980 a hannun ƙananan kamfanoni da gidajen rediyon jami'o'in Amurka, a wajen babbar kasuwa, masu yinsa suna ganin rok ɗin manyan kamfanoni ya cika ado da son kuɗi. Billboard ma sai a 1988 ta buɗe masa jeri nasa. Daga baya ya shigo tsakiyar fili: a Janairun 1992 faifan Nirvana ya sauke na Michael Jackson daga mataki na ɗaya. Na yi tunanin "rok na bayan fage", amma bayan fage ɓoye ne, su kuwa ba ɓoyewa suke ba. "Na 'yan a-ware" siyasa ta riga ta cinye. "Bauɗaɗɗe" zagi ne. Ni dai "rok na gefe" nake ganin ya fi. In an ce ai yanzu ba a gefe yake ba, tunda har yana da kundin fitattu ana sayarwa a manyan kantuna, sai in ce Sabon Gari ya haura shekara ɗari a Kano, ba wanda ya sauya masa suna. Wannan dai ban rufe ƙofa ba, wanda yake da mafi kyau ya kawo kafin Juma'a.

Dattijon Ƙofar Wambai ya ƙara da cewa:

Na yarda da fitattu, ɗana. Amma ka sani a shagona ba fitattun ne suka fi daɗewa ba. Akwai waƙar da ba a taɓa sa wa a rediyo ba, mutum zai taso daga Haɗeja ko Gumel don ita kaɗai. In za ka faɗa a shirin, ka gaya wa yara cewa bayan fitattun akwai sauran.

In sha Allahu Baba, zan sa. Ga yadda na rubuta buɗewar shirin, ku duba mini ko akwai inda harshe zai yi tuntuɓe:

"Masu saurare, yau mun ɗauko muku Kundin Fitattun Waƙoƙin ƙungiyar Foo Fighters, masu kiɗan rok na gefe daga Amurka, wanda ya fito a shekarar 2009. Waɗannan su ne waƙoƙinsu da suka yi tashe suka ci kasuwa. Mako mai zuwa kuma za mu koma cikin fayafayansu na asali, mu jiyo muku wasu da ba su shiga kundin ba."

Malama, ki duba mini "Waƙoƙin ƙungiyar", ko gara in ce "na ƙungiyar" don numfashin mai karatu.