Gwanjon zangon sadarwa: a jikin wa ake fanshewa?

Baffa: Assalamu alaikum. Maganata ta jiya tana nan daram: gwanjon zangon sadarwa, wato hanyoyin iska da siginar waya ke bi, haraji ne da aka lulluɓe. Gwamnati ta sayar wa kamfanin waya iska, abin da ba ta noma ba, ba ta ƙera ba, shi kuma ya juyo ya fanshe a jikin mai sayen kati. A 2000 Birtaniya ta karɓi fam biliyan 22.5 a kan lasisi biyar na 3G, Jamus ta karɓi kusan yuro biliyan 51. Daga aljihun wa kuke jin kuɗin nan suka fito?

Malamin Tattali: Wa alaikumus salam, Baffa. A gafarce ni, lissafin bai tafi haka ba. Kuɗin lasisi an biya, sun wuce. Kamfani ba ya yanka farashi da abin da ya kashe bara, yana duba abin da abokin takararsa ya sa ne da abin da jama'a za su iya saya. Ka ba shi zangon kyauta, farashin yana nan yadda yake, sai dai garaɓasar ta faɗa hannun masu hannun jari maimakon baitulmali.

Injiniya: A allo haka ne, Malam. Amma mu da ke hawa turakun sadarwa mun san abin da bashi ke yi wa aiki. Bayan gwanjon nan bashin BT, kamfanin sadarwa na Birtaniya, ya kai wajen fam biliyan 30, a 2001 ya rabu da sashensa na wayar salula. Sai 2003 aka fara samun 3G a Birtaniya. Idan banki ya riƙe wa kamfani wuya, turken ƙauye ake fara sokewa daga kasafi.

Baffa: Yauwa! Allah ya yi maka albarka.

Injiniya: Kada ka yi saurin sa min albarka, Baffa, ban ce a raba kyauta ba.

Hajiya: Ni tambaya ɗaya gare ni. In ba gwanjo, wa zai zaɓi wanda za a ba? Amurka ta gwada zaman tantancewa, aka riƙa shekaru ana jan ƙafa. A shekarun 1980 ta koma ƙuri'a, sai waɗanda ko eriya ba su taɓa ɗaurawa ba suka riƙa cin lasisi suna sayar wa kamfanonin gaske da tsada. An dai sayar ke nan, gwamnati ce kawai ba ta ga kuɗin ba. Tun 1959 masanin tattalin arziki Ronald Coase ya ce a bar kasuwa ta raba, ba a saurare shi ba sai 1994. Indiya kuma a 2008 ta raba lasisin 2G a farashin 2001, wanda ya riga zuwa shi ke samu. A Fabrairun 2012 Kotun Ƙoli ta soke guda 122.

Baffa: Ki ƙarasa mana, Hajiya. A 2017 kotu ta wanke duk waɗanda aka tuhuma.

Hajiya: Ta wanke mutane daga laifi, ba ta dawo da lasisin ba. Kuma duk inda sa hannun mutum ɗaya ya kai darajar biliyoyi, ka san ƙofar gidansa ba za ta rasa baƙin dare ba.

Ɗan Auta: Ku yi haƙuri, ni an bar ni a baya. Iska ƙarewa take yi da har za a yi rububinta?

Injiniya: Ba ta ƙarewa, ƙanena, amma biyu ba sa magana a mita ɗaya a wuri ɗaya ba tare da sun toshe juna ba. Kuma zango suna ya tara. Na ƙasa, irin megahaz 700 ko 800, yana tafiya nesa yana ratsa bango, turke ɗaya ya ishi fili mai faɗi. Na sama, irin 3,500, yana ɗaukar kaya da yawa amma numfashinsa gajere ne. Kowa na ƙasan yake so, ga shi kaɗan ne.

Ɗan Auta: To Wi-Fi wa ya saya?

Injiniya: Ba kowa. A 1985 FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, ta buɗe wasu zanguna, har da na gigahaz 2.4, ta ce kowa ya shiga ba lasisi, muddin bai ɗaga murya ba. Yana aiki saboda ƙarfinsa bai wuce gida ko ofis ba. Gwada haka da turken da ke ciyar da kilomita goma ka ga hargitsi.

Malamin Tattali: Zan sallama wa Baffa abu ɗaya, amma ba wanda yake nema ba. Gwanjo yana cutarwa idan ma'aikatar kuɗi ce ke riƙe da guduma. Sai a ɓoye wani zangon don sauran ya yi tsada, ko a sa farashin farawa a sama. Indiyar nan ta fitar da megahaz 700 a 2016, ba wanda ya taya. Ta sake a 2021, shiru. Sai 2022 da aka sassauta farashi kamfanin waya na Jio ya saya. Shekara shida zango mafi kyau yana zaune, shi kuwa ba hatsi ba ne da za a adana a rumbu. Ranar da ba a yi amfani da shi ba ta tafi ke nan.

Baffa: Ka zagayo ka dawo inda nake, Malam, ka dai ƙi faɗa.

Malamin Tattali: Ban dawo ba. Kai ka tuhumi gwanjo, ni kwaɗayin mai gwanjon na tuhuma. Dubi Jamus a 2010: ta yi gwanjon megahaz 800, amma da sharaɗin sai an fara kai sabis ƙananan garuruwan da ba su da intanet mai sauri kafin a kunna shi a birane. Kamfani ya san nauyin tun kafin ya taya, sai ya rage abin da zai bayar, bambancin ya koma turaku.

Hajiya: Sharaɗi a takarda ba wuya. Wace hukuma ce za ta iya ƙwace lasisin kamfanin da rabin ƙasa ke kan layinsa in ya saɓa?

Injiniya: Tara ake ci, Hajiya. Kamfanin kuma ya auna tarar da kuɗin turke ya ga wanne ya fi sauƙi.

Baffa: Ita ma tarar a jikin wa za a fanshe ta? Malam, ina jiran ka, kada ka ce cajinka ya ƙare.