Me za mu kira yoga da Hausa? Ga inda muka tsaya a gidanmu

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Kalmar da za mu kira yoga da Hausa nake nema, na riga na jefa tambayar har wasu sun aiko mini da tasu, kuma ina jin na kama bakin zarenta, amma bari in ba ku labarin yadda aka yi tukuna, sannan ku yanke mini hukunci.

Duk wadda ke yin kayan sallah na sayarwa ta san abin da goman ƙarshe na azumi ke yi wa ƙugu. Bana tiya goma sha biyu ta fulawa na murza, tsakanin dublan da cincin da gato. Dublan shi ne mugun cikinsu: ki murza, ki yanka, ki naɗe kowane guda da yatsu, kina duƙe bisa kujera ƴar tsugunne tun bayan asham har kusan sahur. Gato kuwa tsohuwar dabara nake yi, yashi a gindin babbar tukunya, gwangwanayen madara su ne mazubi, garwashi bisa murfi. Kowane leƙawa duƙawa ce. Ranar sallah mutane na tafiya idi, ni ina bin bango.

Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ta zo yawon sallah ta iske ni a haka. Ta shimfiɗa tabarma, ta kunna salula, ta ce, "Yaya, abin da matar nan ta yi kawai za ki yi." Ki durƙusa, ki kai goshi ƙasa, ki miƙe hannuwa gaba, ki shaƙi iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake ta sannu-sannu. Minti goma sha biyar kullum. Kafin mako ya zagayo ina ɗaukar bokitin ruwa da kaina. Ban ce magani ba ne fa, wadda ciwonta ya yi tsanani ta tafi likita.

A rana ta uku uwar mijina ta fito alwala ta gan ni goshi a ƙasa, na fuskanci rariya. Ta tsaya da buta a hannu.

"Ke ɗiyar nan, wace irin salla ce wagga babu alƙibla?"

Na ce, "Inna, ba salla ba ce, yoga ce."

"To na ji. Mine ne yoga?"

Nan bakina ya mutu. Autana ya ce shi ya sani, abin sha ne mai sanyi, wai yawur yake nufi.

Mun fara da tono asalin kalmar, don mun zaci fassara za ta fisshe mu. Daga Sanskirit ta fito, tsohon harshen addini da ilimi na ƙasar Indiya, kuma tushenta na nufin haɗawa, ɗaure abu biyu su tafi tare, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa. Waɗanda suka yi lakwal sun san kalmar Faransanci joug, icen haɗa shanu, to danginta ce. Da Hausa wannan icen da ake azawa a wuyan shanu sunansa karkiya. Maigida ya yi dariya har ya dafe ciki, ya ce daga yau in an tambaye shi ina uwargida, zai ce tana cikin karkiya. Fassarar baƙi da baƙi ta faɗi tun ba ta tashi ba. A kunnen Bahaushe karkiya nauyi ce da bauta, ni kuwa sauke nauyi na zo yi.

Amma tonon bai tashi a banza ba, don ya nuna mini inda gizo ke saƙa. A wajen masu abin, yoga tafarki ne sukutum. Tsohon malaminsu Patanjali ya kasa ta reshe takwas. Tsayuwa da zama da lanƙwasa jiki, waɗanda suke kira asana, reshe guda ne, na uku. Sarrafa numfashi, pranayama, shi ne na huɗu. Sauran shida sun shafi ɗabi'a da kame gaɓɓai da tattara hankali, har zuwa ga manufar da addininsu ya shata. Ke nan abin da matar cikin salula ke koya mini biyu ne cikin takwas, su ma an tsame su daga cikin miyarsu. Akwai kuma wani jerin motsi da suke kira surya namaskar, ma'anarsa gaida rana. Wannan tun daga sunan na san ba da ni ba.

Malamin Islamiyyarmu, da na kai masa maganar, bai yi mini tsawa ba. Ya ce, "Hajiya, ba a kanki aka fara ba." A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulmi yoga saboda abin da ke cikinta na ibadar Hindu. A 2009 majalisar malaman Indonisiya ta raba abin biyu: wadda ke da kirari da ibada haramun, wadda motsa gaɓɓai ce zalla babu laifi. Ya ce ni in dubi abin da nake yi, kada in dubi sunan. Ni kuma na ce a raina, ai sunan ne ya hana Inna barci. Kalma guda ce ke ɗauke da kaya biyu, kowa ya ji ta sai ya ɗauki wanda ya fi ba shi tsoro.

To ga waɗanda aka kawo mini, da yadda kowace ta ƙare.

Motsa jiki ita kowa ke fara jefowa, don ita muke ji a rediyo. Ba ƙarya ba ce, amma riga ce mai faɗi, kowa ya shige. Ɗana da ke buga ƙwallo motsa jiki yake yi, haka alhazan da ke sassarfa da asuba a bakin kwalta don rage tumbi. Ga shi kuma rabin aikin nan rashin motsi ne: ki kama tsayuwa guda ki daskare a kai kina numfashi. Atisaye na sojoji ne. Wata ta ce espor, na ce aro a kan aro, ina ribar?

Ƙawar ƙanwata ta ce lanƙwashe-lanƙwashe. Tana da hoto, ban musa ba, sai dai hoton yara ne masu alkafura a bakin gulbi. Mace mai jiki irina ta ji wannan suna, ta gudu ke nan. Zaman harɗe zama guda ne cikin da yawa. Wani ɗan'uwa daga Tibiri ya rubuto halwa, saboda kaɗaici da shiru. Kawu, ka yi haƙuri, halwa tana da masu ita, tana da zikirinta da sharuɗɗanta. In na ɗauko ta na aza bisa wannan, na koma cikin ramin da nake gudu, har ma na ƙara zurfi.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne wani malamin makaranta daga Tasawa. Ya ce a bar yoga yadda take. Hujjarsa: kalmar ta zauna daidai a bakin Bahaushe, ba ta fi goga ko toka wuyar faɗi ba. Duniya duka haka take kiranta, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata rana a Disambar 2014, ana bikinta kowace 21 ga Yuni. Sannan ya soke ni da makamina, ya ce, "Ke da kike sayar da gato, kike saƙar kwarashi, kike rubuto mana ta salula, wace cikin ukun nan kakarki ta sani?"

Malam, ka yi gaskiya, kuma na kwana biyu ina juya ta. Ga abin da na gano a kan kwarashin nan da nake saƙa hulunan jarirai da shi. Kalmar ta zo ne tare da ƙugiyar a hannu. Ba wanda ya taɓa tambayata mene ne kwarashi, don yana ganin sa, ya ga zaren, ya ga hular. Gato ma haka, ka gutsura ka gane. Aro yakan zauna lafiya idan ya zo da abinsa ana gani ana taɓawa. Yoga ba ta zo da komai ba sai mace a duƙe, kuma mace a duƙe goshi a ƙasa, a garin nan, ma'ana guda gare ta. Dole sunan ya yi bayanin da ido ya kasa yi.

Kuma kada a ce ƙirƙirarriyar kalma ba ta rayuwa. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta sha kaye a hannun kwamfuta da ordinater, na yarda. Amma jirgi mai saukar ungulu fa? Duk tsawonsa ya zauna daram, saboda wanda ya taɓa ganin ungulu ta dira a mahauta ba ya neman ƙarin bayani. Adaidaita daga Kano ta taso, ta biyo ta Jibiya da Ɗan Isa ta shigo mana babu ko takardar duwan. Tun da kundin tsarin mulkin da aka zartar a Maris ɗin 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, irin wannan aiki ya daina zama wasan masu ƙamus. Gobe ungozoma za ta so ta gaya wa mai ciki ta riƙa yin abin nan a gida, da wace kalma za ta gaya wa matar da ta zo daga Gidan Rumji?

Amsar a babbar kasuwa na tsinto rabinta. Na je sayen sukari da lebir, na ce bari in nemi shimfiɗar da ake yin abin a kai. Na ce wa mai shago tabarmar yoga nake so. Ya ɗauko mini darduma mai hoton masallaci. Na ce a'a, na shiga kwatance da hannu da ƙafa a tsakiyar mutane, har wani yaron shago ya ce, "Baba, ta masu miƙe-miƙe take nufi." Aka kawo ta roba, jikka bakwai. Na ajiye musu abinsu na sayi tabarmar kaba wajen wata tsohuwa, in na shimfiɗa bargo a kai ba ta sukar gwiwa.

Ina bisa kabu-kabu kalmar yaron na yi mini yawo a kai. Miƙa. Ai ita ce. Jariri na yi, mussa na yi, kowa ya tashi barci yana yi, ba wanda ya taɓa neman fatawa a kanta. Na fara da miƙar tabarma, ƙanin mijina ya kashe ta nan take, ya ce duk wanda ya ji zai zaci cewa aka yi miƙo tabarma baƙi sun zo. Miƙe-miƙe kuma ta yi kama da abin da ba shi da kan gado.

Abin da ya rage shi ne a raba ta da miƙar hamma, wadda ba ta wuce ƙiftawar ido. A nan natsuwa ta shigo. Duk wanda ya yi karatun farillan salla ya san natsuwa: ka tsaya a kowane hali har gaɓɓai su zauna, ba koton kaza ba. Wannan tsayawar ita ce ƙashin bayan abin da nake yi bisa tabarma. Kuma kalmar ba ta masallaci kaɗai ba ce da za a ce na sato ta, kullum muna ce wa yaro natsu ka ji, muna cewa wance ba ta da natsuwa. Ta ɗauki jiki, ta ɗauki numfashi, ta ɗauki hankali.

Miƙar natsuwa.

Na gwada ta a baki kamar yadda ake gwada mai da ɗan ƙullu kafin a zuba cincin. Na yi miƙar natsuwa da safe. Ungozoma ta ce in riƙa miƙar natsuwa. Ina tabarmar miƙata? Malamar miƙa ba ta zo ba. Ƴan miƙa sun taru gidan Hajiya. Babu inda ta ƙone. Aibinta guda, gaɓa biyar ce, yoga biyu. Na san baki zai gutsure ta ta koma miƙa, kuma ban damu ba, haka wayar salula ta koma salula. Masu cewa nutsuwa, ku rubuta abinku da u, mu nan natsuwa muke cewa.

Yoga kuma ban kore ta ba, Malam na Tasawa. Na bar wa masu ita. In ana zancen tafarkin Indiyawa da rassansa takwas, ko bikin 21 ga Yuni, a ce yoga. In ana zancen abin da mai dublan ke yi wa ƙugunta a tsakar gida, a ce miƙar natsuwa.

Sunayen tsayuwar ma sai da muka yi musu wanka. Wadda ake gantsare baya a kuma ƙudundune shi mun bar ta miƙar mussa. Wadda ake dafa ƙasa a ɗaga ƙugu sama, masu abin suna kwatanta ta da kare, mu muka ce jinka, don siffar ke nan. Ta ƙarshe, da ake kwanciya shiru, sunanta na asali kwanciyar gawa. Inna ta ce kada ta kuma jin wannan a gidanta, aka mai da ita rigingine.

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta shigo aron gwangwanayen gato, ina jin ta daga ɗaki tana tambaya ina nake. Inna ta ce, "Tana ciki tana miƙatta, jira ta ida."

Saura guda da ta gagare mu, ita na kawo muku. Ɓangaren numfashin, shaƙa a ƙirga huɗu a riƙe a sake, har yanzu ba shi da suna. Jan numfashi ya yi kama da mai fuka, ajiyar zuciya ta mai baƙin ciki ce, ƙanwata ta ce horon numfashi amma ni horo bulala yake tuna mini. Mutanen Madarumfa da Dakoro, ban ji ku ba tun da aka fara.