Neman kalma: me za mu kira "punctuality" da Hausa?

Jama'a, a taimaka min da kalma. Jiya 'yata ta kawo sakamakon jarrabawar zango na biyu. Can ƙasan makin lissafi da Turanci akwai wani ɗan gida da malamai ke ba da maki a kan halayya, su tsafta da ladabi, sai kuma wani abu wai shi "punctuality". Ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Baba, mene ne wannan da Hausa?" Na ce zuwa da wuri. Ta ce, "To in an ce bakwai da rabi, na zo bakwai da rabi cif, na zo da wuri ke nan?" Na rasa ta cewa.

Abin da ya ba ni haushi shi ne, kishiyar kalmar muna da ita har ta yi mana yawa. Makara, jinkiri, nawa, ga latti da muka aro daga Turanci ta zama 'yar gida har muna da 'yan latti. Wanda aka bari yana jira ma yana da tasa: an shanya shi. Amma mutumin da ya ce ƙarfe huɗu kuma aka gan shi ƙarfe huɗu, shi ne ba mu raɗa wa halinsa suna ba.

Na gode, amsoshi sun fara shigowa. Bari in bi su.

Wani ya ce sammako. A'a, Malam. Sammako fitowar asuba ce, kuma ko ka yi shi wani a tafe ya kwana. Wanda ya ce hanzari ma na gode, amma sauri daban, sau da yawa ma wanda ya makara ne ya fi kowa gudu a titi.

Mutum huɗu sun ce kiyaye lokaci. Ita muke ji a rediyo, kuma ba ta da aibu. A takardar ofis za ta zauna daram. Matsalata da ita ɗaya ce: ban taɓa jin wata uwa ta ce wa ɗanta "kai ba ka kiyaye lokaci" ba. Kalmar tana sanye da kwat.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce su ma can da Faransanci ake faɗinta, sannan ya ƙara da cewa ai dalili a fili yake, Bahaushe bai san agogo ba sai da Bature ya zo. Rabin maganarka gaskiya ce, ɗan'uwa. Agogo kalmar Yarbanci ce, asalinta ƙararrawa, "ƙarfe" kuma daga ƙarfen da ake bugawa ne don a sanar da awa. Kafin nan da asuba, hantsi, azahar, la'asar da almuru muke yanka rana. Amma cewa ba mu san kan lokaci ba, ban yarda ba. Je ka masallaci ka ga masu rige-rigen sahun farko kada kabbarar harama ta wuce su. Ka ga mai azumi da dabino a hannu, kunnensa na wajen ladan. Ko ka je ɗaurin aure a Kano: kati ya ce sha ɗaya, ka iso sha ɗaya da minti goma, sai ka tarar ana ta musabaha, an shafa fatiha tuni. Mutanen nan dai su ne za su kira walima ƙarfe huɗu a fara bayan isha'i. Jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja da aka buɗe a 2016, dubi yadda ake cika tashar Rigasa tun kafin lokacin tashi. Abin da ba zai jira mu ba, ba ma makara masa. Wanda muka san zai haƙura ya jira, shi muke shanyawa.

Na ga wannan da idona a makarantar da ta ba 'yata makin nan. An kira taron iyaye da malamai ƙarfe goma. Goma saura biyar ina zaune a kan bencin 'yan aji uku, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Mu shida ne. Sha ɗaya aka fara jera kujerun roba, sha biyu da rabi babban baƙo ya shigo, aka ce mu miƙe mu tarbe shi. Wani dattijo da ya rufe shagonsa ya zo ya raɗa min cewa a 1984, zamanin Buhari da Idiagbon da yaƙi da rashin ɗa'a, ma'aikacin da ya makara tsallen kwaɗo sojoji ke sa shi. Na ce Baba, an yi tsallen, halin kuma yana nan.

Shi ya sa shawarar wata malama daga Zariya ta fi kwanta min: cika lokaci, a kan ma'aunin cika alkawari. In ka ce wa mutum ƙarfe biyu, alkawari ka ɗauka, alkawari kuwa kaya ne. Kishiyarta ta zo da kanta: saɓa lokaci. Ku saurari bambancin. "Na makara" kamar wani abu ne ya faɗo maka, barci ko cunkoson Ƙofar Nasarawa. "Na saɓa lokaci" kai ka aikata. Kuma duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san hadisin alamomin munafuki uku, ciki har da idan ya yi alkawari ya saɓa.

An kawo suka biyu, ba zan ɓoye su ba. Na farko, "cika" tana da ma'anar yawaita: ya cika surutu, ya cika latti. To "ya cika lokaci" ba zai rikita mai ji ba? Na gwada a baki: "Direban nan yana cika lokaci." "Ki riƙa cika lokaci." "Telan nan ba ya cika lokaci." Ban ji inda ta yi tuntuɓe ba, kamar yadda ba wanda ke jin "ya cika alkawari" ya zaci yawan alkawari ake nufi. Na biyu, wani ya ce tana ƙamshin mutuwa, wane ya cika, wa'adinsa ya cika. Haka ne, amma makara ma ai sunan abin ɗaukar gawa ne in ka sauya karin sauti, kuma ba mu fasa cewa mun makara ba.

Mai cewa mutunta lokaci, Yaya, kusa ka zo, sai dai ni a ganina mai jiran ake mutuntawa.

To ni dai na tsaya a nan: cika lokaci, mai cika lokaci, saɓa lokaci. Kiyaye lokaci ta ci gaba da zamanta a labaran rediyo. 'Yan Zangon Kumasi da na Garwa, in kuna da wata da kuke faɗa a gida, ku kawo.

Na rubuta wa 'yata "cika lokaci" da fensir a gefen kalmar a takardar sakamakonta. Uku ta ci cikin biyar. Ta karanta, ta ɗago kai ta ce, "Baba, ai kai kake kai ni a babur."