Ƙidayar tsuntsayen fadama: yaya za a zaunar da 'yan jam'iyyu biyu a kwalekwale ɗaya?

Ɗan Marma:
Assalamu alaikum. A unguwarmu da ke bakin fadamar Nguru akwai majalisu biyu da suka daina gaisawa tun zaɓen da ya wuce, kowacce da jam'iyyarta. Amma da zarar agwagin Turai sun sauka da hunturu, sai ka ga mutanen ɓangarorin biyu a bakin ruwa suna kallo. Muna so mu kafa ƙungiyar ƙidayar tsuntsaye da kowa zai shiga. Ta ina ake farawa, kuma me ke rusa irin wannan tafiya?

Malam Mai Dinya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ku fara da taron sulhu, ku fara da aiki. Tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya, tun 1967 ake yinta, kuma tafkin Nguru da mashigar Marma suna cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci a duniya, tun 2000. Ke nan ranar ba wani ɗan siyasa ne ya tsayar da ita ba, babu mai cewa an yi don wane.

Kowane kwalekwale mutum huɗu: matuƙi, mai rubutu, da masu ƙirga biyu. Masu ƙirgan nan, ɗaya daga wannan majalisa, ɗaya daga waccan. Kowa ya ƙirga garken a zuciyarsa, kada ya furta sai ɗan'uwansa ya gama. In bambancin bai wuce ɗaya cikin goma ba, a ɗauki tsakiya. In ya wuce, a sake. Wannan ƙa'idar ta ƙidaya ce zalla, amma ita ke sa mutum ya buƙaci idon wanda yake gaba da shi.

Babban garke ba a binsa ɗaya-ɗaya. Ka ƙirga goma ko hamsin daidai, ka riƙe faɗinsu a idonka, sai ka riƙa aza wannan faɗin a kan sauran garken. Sabon hannu yakan rage yawa ne in garken ya yi cunkoso, don na baya suna ɓuya a bayan na gaba. Madubin hangen nesa 8x42, wato mai ƙara girman abu sau takwas, ya isa. Wanda ya fi haka ƙarfi rawa yake yi a cikin jirgi. Ku fita da sassafe, rana a bayanku, ku kashe inji tun daga nesa ku koma sanda. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙirga garke ɗaya sau biyu: ku kuka tashe shi, ya sauka gaban tawaga ta gaba. Maganinsa, duk tawagogi su fara a sa'a ɗaya, kowacce da iyakarta, duk garken da ya tashi a rubuta lokaci da inda ya nufa. Ranar da hazo ya yi kauri ku ɗaga. Kuma duk wanda ya rubuta shamuwa a Janairu a tambaye shi da kyau, ita baƙuwar damina ce. Ku fara da waɗanda ba sa rikitarwa: kirinjijiya, dinya, balbela, zalɓe.

Hajiya Uwar Gida:
Malam ya gama da ruwa, bari in taɓo tudu, don a tudu ake ɓatawa. Abu uku ne. Na farko kuɗi: kowa ya ba da daidai da na kowa, ko kaɗan ne, a rubuta a littafi, ma'aji biyu. Ɗan takara in ya kawo man jirgi ko riguna masu hotonsa, a yi masa godiya a mayar, ko na wane ɓangare ne. Ranar da kuka karɓa, rabin mutanenku sun tafi. Na biyu wurin taro: kada ya zama majalisar ɗayansu. Ƙofar gidan mai unguwa ko filin makaranta. Na uku hula da tambari: ba a shiga jirgi da su. Dama fararen kaya da masu ƙyalli korar tsuntsu suke yi, ga hujja nan a hannunku ba sai kun ambaci siyasa ba.

Sakamakon kuma a liƙa shi da sunan ƙungiya kawai. In kun buɗe zaure a WhatsApp, hoton tsuntsu da adadi ne kaɗai ke shiga, masu kula mutum biyu.

Baban Komadugu:
Ni gargaɗi zan yi. Za a ce muku ku haɗa da aikin gayyar yanke kachala, ciyawar nan mai tsayi da ke cike ruwa, tun farko. Ku dakata tukuna. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa yanayin ambaliya ya sauya, ruwa ya zauna a wasu wurare duk shekara, kachala ta toshe hanyoyi, jan-baki ya samu mafaka yana cin shinkafa da gero. Kowa ya tsani kachala, gaskiya ne. Amma buɗe mashiga ɗaya yana ƙara wa wani ƙauye ruwa ya rage wa wani, nan take manomi da masunci da makiyayi kowa zai ja nasa, siyasar da kuka gudu ta dawo ta baya. Sai an zauna da bulama da sarkin ruwa an yarda da mashigar da za a buɗe. Kuma a yanke kachalar ta ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya, don ruwa ya shiga karan ya shaƙe saiwar, a maimaita sau biyu ko uku in ta toho. Ƙonawa kaɗai ba ta kashe ta, saiwar tana nan da ranta.

Ɗan Marma:
Allah ya saka da alheri. To mafarauta da masu tarko fa? Wasu na cewa kada a sa su.

Malam Mai Dinya:
A sa su, su ma a gaba. Babu wanda ya kai su sanin inda dinya ke kwana da sa'ar da garke ke tashi. Sharaɗi ɗaya: ranar ƙidaya babu bindiga babu raga, kuma takardar da za a liƙa ta faɗi sunan yanki ne kawai, kada ta nuna takamaiman makwanci. Dattawansu kuma ku tambaye su yaushe rabonsu da ganin gauraka da inda suka gan ta, mai rubutu ya buɗe wa wannan shafi daban a bayan littafin.