Zan sayar da gidana a Hanwa, Zariya: in bar kayan wuta a ciki ko in sayar da su daban?

Baban Safiya, Hanwa:
Assalamu alaikum jama'a. Na yi ritaya, na kuma yanke shawarar sayar da gidana domin in koma cikin birni kusa da 'yan'uwa. A gidan akwai firji biyu, injin wanki, na'urorin sanyaya ɗaki, janareta, da sola tare da inbata da baturanta. Dillali ya ce in bar komai a inda yake domin gidan ya fi shiga ido, uwargida kuwa ta ce a kwashe a sayar daban, tunda masu zuwa gani ba su ƙara ko sisi saboda kayan ba. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Almajiri, Ƙofar Doka:
Wa'alaikumus salam, Baba. Malaman Malikiyya sun daɗe da raba wannan gardama. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu an bayyana cewa cinikin gida yana haɗawa da abin da yake kafe a jikinsa, kamar ƙofa, da kantar da aka kafa a bango, da tsanin da aka buga da ƙusa, amma abin da ake ɗauka a ajiye ba ya shiga sai an yi sharaɗi. Saboda haka firji da injin wanki da janareta ba sa cikin cinikin tun asali, kuna iya sayar da su yadda kuka ga dama. Sai dai a fara tantance mai su, domin sau da yawa firji yana cikin kayan ɗakin da aka kawo matar da su, kuma mai gida ba shi da ikon sayar da shi sai da yardarta.

Maman Abba, Samaru:
Baba, ku yi haƙuri da ni, zan yi magana ne da bakin mai saye. Lokacin da muka je ganin gidan da muke ciki yanzu, fankoki suna juyawa a kowane ɗaki, ruwa yana zuba daga tanki, kuma a kan abin da muka gani muka yi tayi. Ranar da aka miƙa mana makulli sai muka tarar da wayoyi suna reto daga silin, an zare sumon rijiyar burtsatse, har hitar banɗaki an kwance an bar rami a bango. Mutumin ya ce ai ginin muka saya, sai da mai unguwa ya shiga tsakani kafin sumon ya dawo. Duk abin da kuka san ba za ku bari ba, ku cire shi tun kafin dillali ya fara kawo mutane, kada a nuna wa mutum gida ɗaya a damƙa masa wani.

Mai Gyaran Wuta, Sabon Gari:
Alhaji, ina tare da Hajiya uwargida a kan firji da injin wanki da janareta, domin 'yan gwanjo a nan Sabon Gari za su saya, ma'aikata da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ma suna nema, kuma kayan sanyi sun fi daraja a watannin Maris da Afrilu. Amma batun sola dabam ne. Kwance faifai daga saman kwano yana barin hudojin da za su yi yoyo da damina, wayoyin da aka yanka daidai da wannan gida ba lallai su isa wani ba, sannan baturan da suka yi shekaru suna aiki ba a sayensu da daraja. Idan ba za ku tafi da ita cikin birni ba, ku yi mata kuɗinta ku fara yi wa mai sayen gidan tayi. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa a kira mai gyara ya tara iskar gas ɗinta kafin a kwance. Mitar wuta kada a taɓa ta, an yi mata rajista ne da adireshin gidan a wurin Kaduna Electric.

Lauya, Tudun Wada:
Takardar mallakar da za ta bi ta KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, da amincewar gwamna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shar'anta, duk a kan fili ne da abin da aka gina a kansa, babu ruwansu da inbata. Don haka a rubuta wata takarda mai jerin abin da zai zauna da abin da zai fita, ku da mai saye da shaidu ku sa hannu. Ku kuma lura cewa la'adar dillali tana bin jimillar kuɗin ciniki ne, wataƙila shi ya sa ya fi son a cusa komai a farashi ɗaya.

Baban Safiya, Hanwa:
Allah ya saka muku da alheri. Firji ɗaya lallai na uwargida ne, da shi za mu tafi. Malam mai gyaran wuta, zan neme ka ka zo ka auna ƙarfin baturan kafin in sa musu farashi.