Me ya sa Turawan Amurka ke zuba harsashin dalma da kansu?

Dan_Agege:
Salam 'yan uwa. Jiya ina shago ba ciniki ga ruwa ana ta tsugawa, sai na faɗa kan wani bidiyo a YouTube, wani dattijo a Amurka yana narka dalma a garejinsa yana zuba harsashi, ya mayar cikin tsohon kwanson .44 Magnum, wani nau'in harsashin fistol mai ƙarfi. Amma sai ƙorafi yake wai dalmar na liƙewa a bututun bindigar. To me ya hana shi sayen na kamfani ya huta?

Mai_Walda_Mile12:
Wa alaikumus salam. Kuɗi ne malam, kwanson tagullar nan shi ne mai tsada kuma ana sake cika shi sau da yawa. Liƙewar kuwa, dalma tsagwaronta laushi gare ta, a digiri 327 ta narke, ita kuma magnum zafi da ƙarfin albarushinta sun yi yawa, in harsashin bai cika bututun daidai ba wutar sai ta bi ta gefe ta riƙa lasar shi tana shafawa a jikin ƙarfen. Shi ya sa suke gauraya ta da kuza da wani ƙarfe mai suna antimoni don ta yi tauri, wasu su sa ɗan murfin jan ƙarfe a gindinsa. Ai ita kanta .44 Magnum ɗin daga gwaje-gwajen masana bindiga irin su Elmer Keith ta samo asali, kafin kamfanonin Remington da Smith & Wesson su fito da ita wajen 1955.

Baba_IdiAraba:
Yaro kallo dai ko? Can dokarsu ta yarda. Nan dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattu, ƙera harsashi kuma aikin DICON ne, masana'antar makamai ta gwamnati a Kaduna. Kwanso ɗaya aka gani a aljihunka a bakin shingen 'yan sanda, ka shiga uku.

Dan_Agege:
Wallahi Baba kallo ne kawai, ko wuƙa ba na yawo da ita.

Hajiya_Alaba:
Ni dalmar ce ta tayar min da hankali. Ƙanena ya yi shekara biyu yana fasa tsofaffin batura a wani wuri bayan Ikorodu, ba safar hannu ba takunkumi, ya dawo kullum ciwon ciki da mantuwa, hannunsa har rawa yake in ya ɗau kofin shayi. Sai da aka auna jininsa aka gano gubar. Kun manta yaran Zamfara a 2010, sama da 400 suka rasu da gubar dalma? Dan_Agege, dattijon naka ya buɗe ƙofar garejin ma kuwa?