Ba mu zuba harsashi ba tukuna: masu fama da matakala a Legas, ku ba mu labari

Baban Ummi, Agege

Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin ginin wata islamiyya a nan Agege, masallaci a ƙasa, azuzuwa a sama. Makon jiya mai zane ya kawo mana taswira, kowa ya yaba. Har mun shafa fatiha, sai wani dattijo a cikinmu, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama bara, ya ce, "To ni ta ina zan shiga?" Muka sake buɗe takarda. Matakala huɗu ne a ƙofar gaba, don mun ce a ɗaga ginin saboda ambaliyar damina. Wallahi duk zaman da muka yi babu wanda ya tuna da shi, kuma yana cikin waɗanda suka fara ba da kuɗin fili. Ina roƙon duk wanda abin ya shafa ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, tun gyaran bai wuce na biro da takarda ba.

Mai Keke, Ebute Metta

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya saka muku. Ni shan inna ta kama ni ina shekara uku, kuma shekarata goma sha ɗaya a Ikko a kan keken guragu. Abin da na fi tsana shi ne a ɗauke ni. Mutane suna yi ne don Allah, na sani, amma a ce magidanci mai 'ya'ya uku samari sun ɗaga shi kamar buhun masara, rigarsa ta tattare, jama'a na kallo, wannan abu yana ci mini rai. Akwai bankin da nake ajiya, ƙofar tsaron nan tasu mai kama da akwati ba ta cin keke. A rana nake jira har a samu wanda zai fito mini da takarda in sa hannu a kan cinyata, sirrin kuɗina a gaban kowa.

Sai dai gargaɗina a gare ku kan gangara ne. Gara a ce babu ita da a yi ta a tsaye. Na taɓa hawa wata a ƙofar wani asibiti, an shafe ta da tayil mai sheƙi, ga yayyafi. Ina tsakiya tayoyin gaba suka ɗaga, na kifa da ƙeya. Na je ganin likita saboda tari, na dawo da ɗinki biyar a kai.

Birkila, Mile 12

Malam Mai Keke, Allah ya kiyaye gaba. Na karanta naka jikina ya yi sanyi, don irin wannan gangarar da hannuna na taɓa zuba ta, a wani kanti a Ikorodu. Gini ya ƙare, an yi fenti, sannan mai shi ya ce a manna masa gangara don masu duba gini za su zo. Tsakanin ƙofa da kwata ƙafa biyar ce kacal, a nan na cusa ta. Ko baro da ƙyar yake hawa.

Daga baya wani injiniya da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya koya mini lissafin, kuma ba shi da wuya: kowane inci ɗaya na tudu yana son ƙafa ɗaya ta gangara. Baban Ummi, matakalarku huɗu, in kowace inci 6 ce, tudu inci 24 ke nan, wato gangara mai tsawon ƙafa 24. A nan matsalar Legas take. Ruwa ya sa kowa yana ɗaga ƙasan gininsa, fili kuma ga tsada ga ƙunci, ga kwata a bakin ƙofa. In ba a ware wa gangara wurinta a taswira ba, bayan an ɗora bulo babu inda za a samo ƙafa 24 sai an fasa. Faɗinta ya kai ƙafa huɗu, a bar simintin da kaushi, a sa ƙarfen riƙewa dama da hagu, a ɗan tayar da baki don kada taya ta zame gefe. In za ta karya kwana, a yi shimfiɗaɗɗen wuri ƙafa biyar a kwanar, haka ma a bakin ƙofa, don mutum ya tsaya ya buɗe ba tare da keke ya koma da shi baya ba.

Maman Sadiƙ, Idi-Araba

Ku yi haƙuri, maza, kun tsaya a ƙofar gaba. Ɗana shekararsa tara, ba ya tafiya. Makarantarsu akwai gangara, amma bayan gida fa? Ƙofar ƙafa biyu da rabi ba ta ma cika ba, tana buɗewa ciki, ga dandamali. Keke ba ya shiga. Sai da na riƙa hana shi shan ruwa da safe don kada ya matsu, har malamarsa ta lura leɓensa na bushewa. Da ya ci aji uku aka ce ajinsu na sama. Wata huɗu ina goya shi a matakala safe da rana, bayana ya ƙi, na cire shi. Yanzu a gida nake biya masa karatu.

Baba, ku bar ko aji ɗaya a ƙasa. Sannan ina kuka sa sashen mata? Kusan duk masallacin da na sani a garin nan sama ake kai mu. Surukata ta daina zuwa tarawi saboda gwiwa.

Alhaji Mai Goro, Agege

Duk na ji, amma kuɗin taro ne da ake haɗawa naira-naira bayan sallar Juma'a. Me zai hana a bar ramin lif kawai, in Allah ya hore a saka?

Mai Keke, Ebute Metta

Alhaji, Allah ya ƙara girma, lif da wuta yake aiki. Na taɓa yin awa biyu a hawa na uku na wani ofis saboda an ɗauke wuta, janareta kuma ba ya ɗaukar lif ɗin. Ku bar ramin, ba laifi, amma duk abin da ba makawa sai an yi shi, salla da alwala da bayan gida da ofishin shugaban makaranta, ya zama a ƙasa.

Malam na Alaba Rago (jikana ke rubuta mini)

Ni makaho ne. In an ce naƙasa sai hankali ya tafi kan keke, a manta da mu. Ƙafata tana ƙirga matakala. In ta farko inci shida ce ta biyu takwas, faɗuwa zan yi. A daidaita su. Ƙarfen riƙewa kada ya ƙare kafin matakala ta ƙare. Sandata tana jin abin da ke ƙasa, ba ta jin na sama, shi ya sa tagar da ke buɗewa waje da akwatin na'urar sanyaya ɗaki da ake rataye a bango daidai goshi sun sha fasa mini kai. Kwata kuma a rufe ta duka da silab. A bar rami ɗaya a tsakiya, shi ne zai karya mutum. Wurin alwala a sa benci na siminti da abin dafawa, kada a sa tayil mai santsi.

'Yar Zango, ɗalibar zanen gine-gine, Yaba

Iyayena, bari in ƙara da batun doka, don wannan ba alfarma ba ce. Jihar Legas tana da dokar masu buƙata ta musamman tun 2011, ita ce ta kafa LASODA, hukumar kula da harkokin naƙasassu ta jihar. A watan Janairun 2019 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar tarayya ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta ce a duba taswira kafin a fara gini, kuma jami'in da ya amince da wadda ba ta cika sharaɗi ba zai iya fuskantar tarar naira miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara biyu. Tun da taswirarku sai ta bi ta LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta jihar Legas, kafin ku samu izini, gara ku gyara tun yanzu.

Abin da ya fi koya mini ba aji ba ne. Malaminmu ya ari keke ya ce kowa ya zagaya tsangayarmu a kai. Ban kai ɗakin karatu ba. Dokin ƙofa mai inci biyu ya tsayar da ni. Ga Maman Sadiƙ: ƙofar bayan gida ta zama ƙafa uku, ta buɗe waje, a ciki a bar fili ƙafa biyar da keke zai juya, da ƙarfen dafawa a bango. Kuma gangara ta kai mutum ƙofar da kowa ke shiga, kada a zagaya da shi ta wajen bola.

Baban Ummi, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya biya. Jiya bayan la'asar na je da tef na auna. Daga kwata zuwa inda bango zai tsaya ƙafa 13 ce, ba za ta isa ba. Mai zane ya ce in gangarar ta bi jikin bango ta karyo kwana za ta fita, amma sai mun sadaukar da ɗaya daga shaguna biyu da muka sa a gaba don kuɗin haya, kuma da hayar nan muka yi niyyar biyan malamai. Na san za a ja a kan wannan. Batun sashen mata ma, Maman Sadiƙ, kin faɗi gaskiya, sama muka sa shi. Zan kai maganar. Kwamiti zai zauna Lahadi bayan azahar. Malam Mai Keke, in babu takura, zan aiko yaro da mota ya ɗauko ka. Za mu buga turaku mu ja igiya a filin daidai faɗin ƙofofi da lungun bayan gida, ka bi da kekenka a gaban dattawa su gani.